Masakin Gwaggo Sabuwa Ya Ƙi Yoyo

Yau Talata na yi tafiyar Gumel da masaki a cinya, irin babban nan da ake dama furar suna a ciki. Mu biyu ne, ni da Manu gyartai, mai ɗinkin ƙwarya. Direban da ya ɗauko mu daga Ɗanzomo ya dube ni, ya dubi masakin, ya ce kuɗin mutum uku. Na ce ai a cinyata zai zauna. Ya ce cinyar tawa ma a motarsa take zaune. Na biya.

Muna shiga gari ya karkata gidan mai ya bi layi da mu a ciki, awa ɗaya da rabi. Tun watan jiya aka sanar a rediyo cewa layin mai ya zama tarihi. Saboda haka ban yi ƙorafi ba, na ɗauka ziyarar gidan tarihi aka kai mu kyauta.

Masakin ba nawa ba ne. Na Gwaggo Sabuwa ne, ƙanwar mahaifina. Ta fi shekara arba'in tana zanen ƙwarya. Ita ke shuka dumanta, ya ƙosa a fafe shi, a kankare, sannan ta jera wuƙaƙe a garwashi ta riƙa ƙona zane a jikin ƙwarya layi bayan layi, har hayaƙin ya mayar mata da ido ja. Masaki ɗaya yakan ci mata sati biyu. Matan Fulani daga rugagen Gagarawa da Sule Tankarkar har gida suke biyo ta. Ba ta taɓa neman kowa ya ceto sana'arta ba. Ni ne na kawo mata masu ceton.

Wata biyu da suka wuce aka yi shelar bikin baje kolin sana'o'in hannu, kwana uku, a wani fili a bakin hanyar Maigatari. Wanda ya kawo shi shi ne Ranka-ya-daɗe Mai Almakashi. Ba sai na faɗi suna ba. Duk inda aka ɗaura kirtani don a yanke, ku duba bayansa. Sharaɗin bana ɗaya ne, kuma sabo: ba a ba kowa rumfa sai ya yi wa kayansa inshora a wurin wani kamfani da kwamiti ya zaɓa bayan dogon nazari na yini guda.

Na je na yi wa Gwaggo bayani. Tun da na dawo daga karatu ba ta ƙara kirana da sunana ba.

"Wato, Bature, in ba su kuɗi don kada ƙwaryata ta fashe?"

"A'a, Gwaggo. Don in ta fashe su biya ki."

"In ba ta fashe ba fa?"

"Shi ke nan."

"Su dawo min da abina?"

"A'a."

Ta juya wuƙa a wuta. "To addu'ar me zan riƙa yi? Ta fashe ko kar ta fashe?"

Sai na ba ta labarin kekena. A ƙasar da na yi karatu an sace min keke ranar Litinin, kafin Juma'a ta biyu kamfani ya biya ni, har da wasiƙar jaje. Labarin gaskiya ne, shi ya sa ya yi ɓarna. Ta yarda. Ranar Alhamis ta sa aka kai jar akuyarta kasuwar Maigatari, wadda ba ta haihuwa sai tagwaye. Da kuɗin akuyar aka kama rumfa, aka yi inshora, aka ɗauki shatar mota.

Ni na cika fom ɗin, shafi shida, duk da Turanci. Yana son lambar kowace ƙwarya, da shekarar da aka ƙera ta, da sunan kamfanin da ya ƙera. A nan na rubuta "duma". Aka buga hatimi, ba wanda ya tambaya.

Dole a yaba wa kwamiti, an kashe kuɗi a filin nan. Rumfar manya da kafet, da fankoki, da kujeru masu farin mayafi kamar za a yi musu walima. Janareto biyu, ɗaya na lasifika, ɗaya na sanyaya lemon baƙi. Rumfunan masu sana'a kuwa buhunan taki ne aka farke aka ɗaura a kan sanduna, don a nuna wa baƙi cewa al'adarmu ba ta son almubazzaranci.

Abin da ya fi komai tsayi a wurin shi ne allon tallar inshorar. Ƙarfe ne, ya fi ɗakin soro tsawo. Ga fuskar Ranka-ya-daɗe yana murmushi, a ƙasa an rubuta: "Sana'arka Tana Hannun Amana". Ɗan kwangilar da ya kafa shi ya haƙa wa ƙafafunsa rami kamar na shuka gero. Simintin da za a zuba, an ce, yana hanya. A bayan rumfar Gwaggo aka kafa shi, ta kuwa ji daɗi, ta ce ko ba komai ta sami inuwa.

Rana ta biyu bayan azahar iska ta ɗan motsa. Ba wata iska ba ce, ko ɗankwalin mace ɗaya ba ta cire ba. Allon ya yi tangaɗi sau biyu, ya kifo da fuska a kan kayan Gwaggo. A tsawon bikin nan, wannan ce kaɗai ziyarar da Ranka-ya-daɗe ya kai rumfar mai sana'a da kansa.

Allah ya tsare, ta tashi alwala. Ƙoƙuna da ludaya suka zama sakaina. Manyan masakai shida suka tsage, wani daga baki zuwa rabi, wani tsagar ba ta wuce tsawon yatsa ba. Waɗannan shidan ba na kasuwa ba ne. Wata Bafulatana ce, Nana Firdausi, daga wata ruga kusa da Gagarawa Tasha, ta sa a yi mata tun kaka don jeren 'yarta, da alkawarin za ta karɓa a wurin bikin.

Na ɗauki hoto da waya, na ruga neman rumfar kamfanin inshora. Na same ta. Akwai tebur, akwai kujera, akwai kalanda. Mai sayar da rake na gefe ya ce ma'aikacin ya tafi cin abinci tun jiya.

Kafin in dawo, mai tabarma da mai tukwane da wasu dukawa biyu sun ɗage allon. Matan wurin sun tsince sakainar, kowace ta ɗauki ta kwasar shara ko ta ɗiban wuta, Gwaggo na cewa ku ɗiba, ku ɗiba. Manu gyartai kuwa ya baje a ƙasa da basillarsa da zaren kaba, yana kan masaki na uku.

Ga wanda ya tashi a gidan roba da silba, bari in yi bayani. Tsagar ƙwarya ba ta tsayawa inda ta fara. Tafiya take, musamman a rana. In aka huda aka ɗinke ta nan take, an ceci ƙwarya. In aka bar ta ta kwana biyu, sai a tarar ta rabe gida biyu. Duk macen da ta san ƙwarya, da ta ji ƙas, gyartai take ƙwala wa kira kafin ta yi salati na biyu. Shi ma Manu ba yawon banza ya kawo shi bikin ba. Ya san inda aka tara ƙore da jama'a, aiki ba ya rasa shi.

A shafi na biyar na takardar kuwa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa in ɓarna ta auku ba a taɓa kaya, ba a gyara, ba a matsar, sai mai dubawa ya zo cikin kwanakin aiki goma sha huɗu. Na karanta wannan layin ranar da na cika fom. Ban fassara mata ba. Bai zo min a rai ba cewa akwai inda ake gyara abu cikin minti ashirin. Inda na zauna shekara tara, ko maɓalli ne ya cire sai an ba ka ranar dawowa.

"Gwaggo, a tsaya! Ba a taɓawa!"

"In ji wa?"

"Takarda."

"Takardar ta taɓa ganin tsaga? Kwana nawa ta ce?"

"Sha huɗu. Ban da Asabar da Lahadi."

Ta dubi Manu, Manu ya dube ta. Ba su ma yi dariya ba.

"Ɗan boko," in ji Manu, "matsa, ka tare min haske."

Kafin la'asar ya gama shidan. Ladansa fura ƙoƙo ɗaya da ludayi biyu da suka tsira. Ban ga ya cika fom ba.

Washegari Nana Firdausi ta zo da 'yan rakiyarta. Ta ɗaga masaki, ta bi zanen da ido, ta bi ɗinkin da yatsa. Ta daɗe.

"Sabuwa, hannunki bai tsufa ba. Shi ma mai ɗinkin Allah ya yi masa albarka. Amma kin sani."

"Na sani."

"Ba a kai amarya da ɗinki. Dangin miji za su juya ƙwarya su duba bayanta tun kafin su dubi yarinyar."

"Na ce na sani, Firdausi. Je ki, kar rana ta yi miki."

Ta tafi wurin wani da ya zo da ƙore daga wajen Damagaram. Gwaggo ta kife masakanta ɗaya cikin ɗaya, ta ɗaure da zane. Wata uku na hayaƙi a ido, da akuya guda. Muka kama hanyar gida.

Mai dubawa bai zo ba a kwana sha huɗu. Bai zo ba a kwana talatin. Na je ofishinsu a Gumel sau huɗu. Zuwan farko yana taro. Na biyu ya tafi ta'aziyya. Na uku yana nan, amma mai riƙe da makullin durowar da fayil ke ciki ya tafi taro. Na huɗu aka ce in dawo da shaida, kaya da mutum. Shi ya sa yau na ɗauko masaki da Manu.

Maƙwabcina Ubale, mai facin taya, ya tare ni da safe ina fitowa.

"Malam, wai har yanzu kana bin mutanen nan? Kawo reza mu warware ɗinkin. Minti biyu. Ka kai musu abinsu a fashe yadda suke so."

Na ce shafi na biyar ya ce wanda ya ɓata kaya da gangan kotu za a kai shi.

"To ka ga. In ka gyara ba a biya, in ka ɓata a ɗaure ka. Wannan takarda da ni na rubuta ta, da tuni na bar faci."

Manu da ke tsaye da jakarsa ya ce duk wanda ya sa reza a ɗinkinsa, shi da shi ne, ba sai an je kotu ba.

Mai dubawa mutum ne mai fara'a, da hula zanna da biro uku a aljihu. Zan kira shi Malam Mai Jaka, don ko a zaune yake jakarsa na rataye a kafaɗa, kamar mai shirin guduwa. Ya karɓe mu hannu biyu, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya.

Na fara nuna masa hoton waya. Ya kalla, ya yi sauri ya kife wayar a tebur.

"Haba, Malam. Wannan ai Ranka-ya-daɗe ne a kife. Ka taɓa ganin an sa irin wannan a fayil? Kai ma don Allah goge shi, don zaman lafiyarka."

Na ce to ƙoƙuna da ludaya fa, sun fi arba'in.

"Ina ɓaraguzan?"

"Mata sun kwashe."

"Wato kun rabar da shaida sadaka. Allah ya ba da lada. Sai masaki."

Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne kamar mai zaɓen kankana. Ya ce shi a idonsa wannan ƙwarya lafiyarta ƙalau, amma kamfani ba ya aiki da ido, da kimiyya yake aiki. Mene ne aikin ƙwarya? Riƙe ruwa. Idan ta yi yoyo, an yi asara. Idan ba ta yi ba, ba a yi ba. Ya shimfiɗa farar takarda a tebur, ya ɗora masakin, ya ce a kawo ruwan leda jaka guda. Ni na biya.

Muka yi ta fasa leda da haƙori, ni da Manu da shi kansa, har ruwa ya haye ɗinkin. Ya cire agogo ya ajiye. Minti goma.

Na yi addu'o'i iri-iri a rayuwata, ta jarrabawa, ta biza, ta sauka lafiya. Ban taɓa roƙon Allah ya sa abu ya yi yoyo ba sai yau. Ɗigo ɗaya nake nema. Na zuba wa ɗinkin ido har na fara ganin biyu. Manu ya harɗe hannu a ƙirji yana kallon silin.

Minti goma suka cika. Malam Mai Jaka ya sa muka ɗaga. Takarda fes, a bushe.

"Alhamdu lillahi," in ji Manu. "Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa jin kunya ba."

Na taka masa ƙafa. Ya ce, "To me na yi? In yi ƙarya?"

Na yi iya ƙoƙarina. Na ce ranka ya daɗe, masakin jere ne, ba na ɗiban ruwa ba. Mai shi ta fasa saye. Ƙwarya mai ɗinki ta bar ɗakin amarya ke nan har abada, ta koma ta dusa da ta wanke-wanke. Ya saurare ni da kyau, yana gyaɗa kai, sannan ya juyo min da fom ɗinsa.

"Duba da kanka, kai mai ilimi ne. Akwai 'ya fashe'. Akwai 'ya ƙone'. Akwai 'an sace'. Ka ga inda aka rubuta 'amarya ta ƙi'?"

Ban gani ba.

"Kuma ko da ya yi yoyon, sai mun binciki iskar tukuna."

Ya rubuta "babu asara", ya sa hannu da biro na farko, ya sa kwanan wata da na biyu. Muka fita da masaki muka zubar da ruwan a gindin bishiyar maina. Muna shirin tafiya sai ga shi ya biyo mu har waje, ya rage murya.

"Malam, zanen nan fa ya yi kyau. Uwargida na son irinsu. Nawa tsohuwar za ta bar min? Ka faɗa mata ta yi ragi sosai, tunda ka ga mai ɗinki ne."

Na dube shi. Ko ido bai ƙifta ba. Ina ganin shi ne mutum mafi gaskiya da na haɗu da shi a harkar nan, matsalarsa dai gaskiyar ba ta zuwar masa sai ya fito daga ofis.

Kada wani ya ce ina gaba da inshora. Duk wanda ya ga mai tukwane ya ɗaure aikin wata biyar a saman mota ya hau hanyar Gagarawa, ya san mutanen nan sun fi mai keke a Turai bukatar wanda zai tsaya musu. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Wanda zai rubuta shafi na biyar na baɗi, a zaunar da shi yini ɗaya kusa da gyartai, a miƙa masa ƙwarya mai tsaga, a ce ya riƙe ta kwana sha huɗu ban da Asabar da Lahadi. Wanda zai fassara wa tsohuwa takarda kuma, ya fassara har ƙananan baƙaƙen. Wannan na biyun da kaina nake.

A motar dawowa direba ya kunna rediyo, muka ci sa'ar labarai. Kakakin kwamiti na bayani cewa bikin bana ya kafa tarihi: masu sana'a fiye da ɗari biyu sun shiga inshora, kuma cikin ikon Allah da hangen nesan Ranka-ya-daɗe, ko mutum ɗaya bai yi asarar da ta kai a biya shi ba. Saboda wannan nasara, baɗi za a faɗaɗa tsarin ya haɗa da masu kitso da masu ƙosai, kuma za a kafa alluna huɗu maimakon ɗaya. Wata mata a kujerar baya ta ce Allah ya saka musu. Ban gane da wace fuska ta faɗa ba. Manu ya ce shi dai alluna huɗu sun yi masa, zai ƙaro basilla.

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana kankare sabon duma. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Ta ga masaki ya dawo, ta ga ba kuɗi a hannuna. Ta karɓa, ta shiga ɗaki ta ɗebo dusa ta zuba a ciki, ta yayyafa ruwa, ta kai gindin turken da jar akuya take a da, ta ajiye. Igiyar ma tana nan a ɗaure.

"Bature."

"Na'am, Gwaggo."

"Ga masaki, ka ce na dusa ne yanzu. Ga dusa. Ga turke. Me ya rage?"

Na dubi igiyar.

"Yau wace rana?"

"Talata."

"To jibi kasuwar Maigatari. Ja nake so. Mai tagwaye. Kar ka kawo min hotonta a waya."

Saboda haka duk mai nemana ranar Alhamis ya duba kara, wajen awaki. A iya sanina wannan ce diyya ta farko da za a biya a ƙarƙashin tsarin Ranka-ya-daɗe, kuma ba za ku ji ta a rediyo ba. Ba a ba ni fom ba, ba a ba ni shafi na biyar ba. Na roƙi kwana sha huɗu na aiki, ta ce dusar ba za ta kai ba.